Wakenmu ya ruɓe a kofi: me zan shuka da yara a cikin ɗaki?

Maman_Haidar:
Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da sanyi. Shawara nake nema wurin iyaye da malaman nazare da ke cikin nan. Muna haya ne a hawa na biyu a wani bene a Kano, ba mu da tsakar gida, ƙasan kuwa an shafe shi da siminti, motoci ke kwana a wurin. Yarana biyu, Haidar shekara huɗu da rabi, ƙanwarsa Nana ta shiga shekara uku. Ran nan ina tsintar wake zan yi alala, sai Haidar ya ce wai wa yake ƙera wake. Na ce ba ƙera shi ake ba, shuka shi ake. Ya ce, "A wane shago?" Na yi dariya, amma wallahi abin ya tsaya mini a rai, ni da na tashi ina bin kakata roron wake a Bichi.
Shi ne na ɗauki kofin roba, na sa aka ɗebo mini ƙasa a bakin titi, muka binne wake biyar muka ajiye a kicin. Kullum da safe su biyun rige-rigen ba shi ruwa suke yi. Yau kwana bakwai ko alamar tsiro babu, da na tona sai wari, waken ya narke kamar an dafa. Haidar ya sha kuka har da shessheƙa. Ina na kuskure? Kuma me za mu shuka a ɗaki wanda yaro mai gajen haƙuri zai ga abin da ya yi da wuri?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Kin huda gindin kofin?

Maman_Haidar:
A'a fa, ina gudun kada ya jiƙa mini kanta.

Ummu_Sadiq:
To ai kin ba kanki amsa. Jiƙa wake kika yi, ba shuka ba. Da tun kwana na farko kin kai shi inji da kun ci ƙosai 😂

Ɗan_Kura_Manomi:
Hajiya, gaskiyar Ummu Sadiq ce. Iri ma numfashi yake yi a cikin ƙasa. In ruwa ya kwanta a kansa ya toshe masa iska, ruɓewa zai yi. Kin haɗa masa abu uku a lokaci ɗaya: kofi babu huji, masu ban ruwa biyu, ga sanyin hunturu. Ki samo gwangwanin madara ko na tumatir, ki huda gindinsa da ƙusa wuri huɗu ko biyar, ki ɗora shi a kan tsohon faranti don kantar taki. Ƙasar kuma ki nemi jigawa mai yashi-yashi wadda in kin dunƙule ta a hannu kika saki za ta warware. Kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya takin awaki wanda ya daɗe ya koma baƙi. Kada ki yarda da ɗanyen kashin kaji, ƙone tsiro yake yi. Zurfin ramin gaɓar yatsa ɗaya ya isa. Da zafi wake kwana uku zuwa huɗu ya leƙo, amma da wannan sanyin ki ba shi mako guda kafin ki fid da rai.

Malama_Rabi_Kaduna:
Maman Haidar sannu da ƙoƙari. Ni ajin 'yan shekara huɗu nake riƙe da shi, kuma duk zango muna yin wannan aikin. Shawarata, karon farko kada ki binne. Yaro ɗan shekara huɗu in ka rufe abu da ƙasa ka ce ya jira, a wurinsa abin ya ɓata ne kawai. Ki samu robar Bama da ta ƙare, ki wanke, ki naɗe tishu ko auduga ki cusa a ciki, ki yayyafa ruwa ya yi damshi, ba jagab ba. Sai ki soka waken tsakanin tishun da jikin robar, yadda za a riƙa hango shi daga waje.
Kashegari za su ga ya kumbura, fatarsa ta saki. Kwana biyu zuwa uku wata 'yar farar saiwa za ta ɓullo daga wajen hancin waken, kuma duk yadda kika kwantar da shi, saiwar sai ta lanƙwaso ta nufi ƙasa. Mukan sa wani a miƙe, wani a kife, don yaran su ga haka da idonsu. Bayan nan sai wuyan ya fito a tanƙware kamar tsohon da ya sunkuya yana ɗaure takalmi, sannan ya miƙe ya ɗago ɓarin waken biyu sama, wani lokacin da ɓawon a kansa kamar hula. Ranar da hular nan ta faɗi, ajina ba ya zaunuwa.
Maganar ruwa kuwa, doka muka kafa: cokalin shayi biyu, kuma sai yaro ya taɓa da yatsa ya ji ya bushe. Ki ba kowanne nasa mazubin, ki rubuta sunansa da maka. Rige-rigen zai ƙare.
Malam Ɗan Kura, a yi haƙuri, gwangwani ba na ba yara. Bakinsa yanka yake yi. Robar ruwa da aka yanke biyu aka zagaye bakin da salatif ta fi kwanciyar hankali.

Ɗan_Kura_Manomi:
Na karɓi gyara Malama. Mu hannunmu ya yi kanta, mun manta da na yara.

Nas_Hauwa:
Kafin kowa ya ruga ya buɗe buhun wake, ku bari in ɓata muku daɗin hirar kaɗan. Maman Haidar, Nana nake ji, ba Haidar ba. A shekarunta ne yara ke cusa abu a hanci da kunne, kuma wake da masara da dutsen ado su muka fi cirowa. Mugun halin wake shi ne yana shan damshin hancin ya kumbura, abin da zai fita cikin sauƙi da safe, zuwa dare ya cije. In ya faru kada a sa tsinke ko ashana, ƙara tura shi ciki ake yi, kada kuma a ɗura ruwa. A kai asibiti. In kika ga hanci ɗaya kaɗai yana zubar da majina mai wari kwana da kwanaki, ki zargi abu ne a ciki. Gyaɗa kuma ta fi wannan haɗari, don in ta sarƙe yaro hanyar numfashi take bi. Ki ƙirga irin kafin ki ba su, ki ƙirga bayan an gama, kuma kina zaune a wurin.

Maman_Haidar:
Innalillahi. Anti Nas kamar kin san Nana, makon jiya maɓalli na ƙwace a bakinta. Na gode.

Abu_Fatima:
Ni fa ku gafarce ni, abin nan dariya yake ba ni. Jikan manoma ana koya masa noma a robar Bama. Hajiya kin ce kakarki tana Bichi, Bichin nan nawa take daga Kano? In damina ta sauka ki kwashe su ki kai su sati biyu, su bi masu shuka suna jefa iri suna takewa da ƙafa, su sha rana, ƙaya ta soke su. Shi ne noma. Wannan na kan taga wasan 'yan boko ne.

Ummu_Sadiq:
Abu Fatima, yau muna Disamba. Yaron ya yi tambaya yau, kana so a ce masa ya jira Yuni?

Maman_Haidar:
Malam Abu Fatima, kakar tawa ta rasu shekara shida ke nan, gonar kuma an raba gado an yanka filaye. Da akwai inda zan kai su da ban zo nan ba.

Abu_Fatima:
Allah ya jiƙanta ya gafarta mata. Ban sani ba, a yafe ni. Amma ina nan a kan bakana, yaro ya taka gona da ƙafarsa ko ta maƙwabta ce.

Goggo_Asabe:
Amin. Ku 'yan nan, ai shuka a ɗaki ba yau aka fara ba, kuma ba boko ya kawo ta ba. Muna yara gindin randar innarmu kullum a jiƙe yake saboda tsattsafowar ruwa. In an zo surfe ƙwayar gero ta yi tsalle ta faɗa wurin, bayan kwana uku sai ka ga tsiro siriri kamar allura. Ni da yayata mukan raba, wannan gonata, wannan taki, mu kewaye da tsinken tsintsiya. Har faɗa muke yi in kaza ta tsattsage na wani. Babu wanda ya ce mana darasi ne. Yanzu kun koma firij, shi ya sa sai kun yi taro kafin yaro ya ga tsiro.

Malama_Rabi_Kaduna:
Goggo kin gama magana 😂 Allah ya ƙara lafiya.

Bamaraɗiya:
Salamu alaikum daga Maraɗi. Ni abin da ya fi yi mini sauƙi da ɗiyana albasa ce, don ba iri ba ce balle a sa a hanci. Ki zaɓi wadda ta fara toho a kwando, wadda dama kina shirin jefarwa. Ki ɗora ta a bakin kofi, gindinta kawai ya taɓa ruwa, jikinta na sama. Kwana biyu uku saiwoyi farare za su zubo kamar gemu, lawashi kuma ya taso. Daɗin abin, yaro zai iya yanka lawashin a sa masa a ƙwai ya ci, bayan 'yan kwanaki wani ya sake fitowa. Mu nan albasar Galmi muke samu, mai ruwan shuni ɗin nan ta jihar Tawa, amma kowace iri tana yi. Tafarnuwa ma haka, ki ɓare ɗaya ki soka a ƙasa, tsinin yana kallon sama.

Hajjo_Yola:
Ki ƙara da dankalin Hausa. A soka masa tsinken sakace uku a ciki a rataya a bakin kwalba, rabinsa a ruwa. Shi dai yana da nawa, yakan kai mako biyu kafin ya motsa, amma in ya fara yaɗo sai kin rasa inda za ki kai shi. Namu har ƙarfen taga ya naɗe.

Baban_Ikram:
Duk wannan ruwa da kuke cewa a ajiye a kofi da kwalba, ba gidan sauro za ku buɗe mana a ɗaka ba? Muna fama da kuɗin maganin zazzaɓi.

Nas_Hauwa:
Tambayarka a kan hanya take. Da zafi sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kamar mako guda zuwa kwana goma. Kuma akwai irin da ya fi son ruwan gwangwani da kwalba da tsohuwar taya, shi ne mai yaɗa zazzaɓin shawara da dengi. Maganin abin a zubar da ruwan duk bayan kwana biyu, a cuɗe cikin kofin, a zuba sabo. Har farantin da ke ƙarƙashin gwangwanin Malam Ɗan Kura a riƙa juye shi. Albasar ma ta fi son haka, in ruwan ya daɗe wari take yi.

Baban_Ikram:
To wa zai riƙa tunawa? Uwar ce dai za a ƙara wa aiki.

Bamaraɗiya:
Uban ma yana da hannu biyu, Baban Ikram.

Zee_Gwammaja:
Ni kuma ji na yi an ce bai kyautu a kwana da shuka a ɗaki ba, wai da dare tana shanye iskar mutane. Gaskiya ne?

Injiniya_Sabo:
Rabin gaskiya ce aka hura. Da rana ganye yana fitar da iskar oksijin, da dare kuwa da babu haske yana shaƙar kaɗan kamar kowane mai rai. Amma abin da tsiron wake uku zai shaƙa bai kai na kyanwar da ke kwana a ƙarƙashin gado ba. Abin da ke kashe mutane a ɗaki da sanyin nan shi ne kaskon gawayi da janareta, a rufe ƙofa da taga a kwanta. Shi ya kamata a ji tsoro.

Maman_Twins_Leicester:
Gaisuwa daga Ingila. Nan abin da ake ba yara a nazare lafsur ne, wanda muke saya a wurin masu kayan ƙamshi a gida. Ana fasa ƙwai ta sama, a wanke ɓawon, a zana masa ido da baki, a cusa auduga mai damshi, a barbaɗa lafsur a kai. Kwana ɗaya zuwa biyu ya fashe, cikin mako guda mutumin ƙwai ya yi gashi kore, yara su yi masa aski da almakashi a zuba a burodi. Ban taɓa ganin abin da ya kai shi sauri ba, kuma bai damu da sanyi ba. Hulba ma tana yi, ita kuma ko a kantin magungunan Musulunci za ki samu. Da na ga abin a makarantar 'yan biyu sai na ce ikon Allah, lafsur ɗin da ke cikin kwalbar Hajiyarmu shekara da shekaru.

Malama_Rabi_Kaduna:
Kin tuna mini. Abu Fatima ya ce wasan 'yan boko ne, to ta wani gefen bai yi ƙarya ba. Kalmar kindagatin ɗin nan da ake rubutawa a allon makarantu Jamusanci ce, ma'anarta lambun yara. Wani malami Bajamushe, Friedrich Fröbel, shi ya raɗa wa makarantarsa sunan a 1840, kuma da gaske yakan ba yara 'yan fangali su shuka abin da suke so. Mu muka ɗauki sunan muka bar lambun, muka cika 'yan shekara uku da jarrabawa da aikin gida.

Abu_Fatima:
Kin ga ko shi Baturen fangali ya ba su, bai ba su robar Bama ba.

Ummu_Sadiq:
Kai dai Abu Fatima ba ka faɗuwa ƙasa.

Maman_Abba_Zariya:
Ku bari in ba ku dariya. Da muka yi na masara ya fito, Abba ya ga abin al'ajabi, ƙwaya ɗaya ta zama shuka. Bayan kwana biyu na nemi Maggi guda huɗu da na ajiye na rasa. Ashe ya binne su a tukunyar fulawar babansa, da alewa ɗaya, da naira hamsin da kawunsa ya ba shi. Kullum sai ya je ya tsuguna yana jira. Ban hana shi ba. Sai na kawo kiret ɗin ƙwai muka cika da ƙasa, kowane rami abu ɗaya: wake, masara, ɗanyar gyaɗa, soyayyar gyaɗa, shinkafar tuwo, tsakuwa, Maggi. Na ce ya faɗi wanda zai fito, na rubuta. Uku suka fito. Har yau in ya ga abu sai ya tambaye ni, "Mama wannan yana da rai a ciki?"

Ɗan_Kura_Manomi:
Yaron nan ɗan kasuwa ne, a kai shi Dawanau 😂 Shinkafar ma da shanshera kika sa mai ɓawonta da ta fito, wadda ba a turara ba. Sai dai tunda an fara jera iri, in ja kunne a kan dawa. Tsironta yana da dafi yana ƙarami, duk makiyayi ya san gyauron dawa yana kashe dabba. Kada a ga Maman Twins ta ce ana cin lafsur a ɗauka kowane tsiro ake ci. Sannan irin da ake sayarwa a shagon kayan gona a cikin leda ko gwangwani, wanda za ku ga ja ne ko ruwan hoda ko kore, ba ado ba ne, maganin ƙwari da na fumfuna aka shafa masa. Kada ya shiga hannun yaro ko kusa.

Nas_Hauwa:
Allah ya saka Malam. A ƙara da zurma, da bini da zugu, da idon zakara, da zaƙami. 'Ya'yansu suna da kyau a ido, yara na tsinta, kuma dukkansu guba ne. Tumfafiya da tinya kuma ƙaronsu in ya shiga ido bala'i ne.

Zee_Gwammaja:
To waken kasuwa fa? Shi ma ai ana zuba masa magani.

Injiniya_Sabo:
Ana yi, ba ɓoyayyen abu ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin DDVP da aka samu a ciki, irin wanda ke cikin fiya-fiya. In kin buɗe wake kika ji wari mai hawa kai, ko kika ga ƙura-ƙura a jikinsa, ba na wasan yara ba ne, ba ma na tukunya ba ne. Wanda aka adana a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, ba ya buƙatar magani. Ko ma wanne ne dai a ɗauraye, yara kuma su wanke hannu da sabulu in an gama.

Ɗan_Kura_Manomi:
Kuma Hajiya ki duba wanda za ki shuka, in ƙwaro ya huda shi ko ya tsage, ki ajiye shi gefe. Yanzu kaka ba ta daɗe da wucewa ba, sabon wake ya cika kasuwa, shi ya fi saurin fitowa.

Alhassan_Kumasi:
Mu nan zongo matsalarmu ba fitowa ba ce, komai ka jefar fitowa yake yi. Akuyar maƙwabta ce. Mun yi wata guda muna renon tumatir da ɗiyata, ranar da muka fitar da shi ƙofar ɗaki ya sha rana, kafin in ɗauro alwala an gama da shi. Yarinyar har yau ba ta gaishe da mai akuyar.

Hajjo_Yola:
Mu ɓera ne ya tone masarar cikin dare. Sai da muka riƙa kifa kwando.

Goggo_Asabe:
Alhassan ka ce wa ɗiyar taka ta samu lada. Ai ya zo a hadisi, wanda ya yi shuka mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi.

Alhassan_Kumasi:
Na faɗa mata Goggo. Ta ce ita ba ta yi niyya ba.

Maman_Haidar:
Jama'a na dawo da labari, yau kwana tara. Mun yi na Malama Rabi a roba biyu, mun yi albasar 'yar uwata ta Maraɗi, lafsur ne ban samu fita na saya ba. Alhamdu lillahi wake biyar cikin shida sun fito. Ranar da saiwar farko ta leƙo Haidar da asuba ya tashe ni, ko salla ban yi ba. Mun mayar da uku cikin ƙasa yadda Malam Ɗan Kura ya ce. Amma ga sabuwar matsala: sun yi tsawo zalalo, sirara, launinsu ya yi fari-fari, kuma duk sun kwanta sun nufi taga kamar masu ruku'u. Na Nana ma ɗaya ya karye. Taki ne bai isa ba?

Ɗan_Kura_Manomi:
Ba taki ba ne, yunwar rana ce. Yana miƙa wuya ne yana neman haske. Wace kusurwa tagar take kallo?

Maman_Haidar:
Ta kicin arewa take kallo. Ta falo kuma gabas, wajen alƙibla.

Ɗan_Kura_Manomi:
To ki kwashe su daga kicin yau ɗin nan. Da hunturu rana ta kudu take ratsawa, tagar arewa ba ta ganin ta sam. Ki kai su ta gabas su sha hantsi. In kina da baranda ya fi.

Nas_Hauwa:
In baranda ce a ajiye a ƙasa, kada a ɗora a kan bango. Yaro zai jawo kujera ya hau don ya duba shukarsa, kuma hawa na biyu kuke.

Malama_Rabi_Kaduna:
Kwanciyar da suka yi ma wasa ce kyauta. Ki sa Haidar ya juya robar, shukar ta ba taga baya, ku yi alama da maka a gefen da ke kallon haske. Gobe war haka ya je ya duba. Nawa yaran cewa suke yi wake yana da ido. Ƙurar hunturu kuma in ta rufe ganyen, ki ba shi auduga mai ruwa ya goge a hankali, suna son wannan aikin ƙwarai.

Maman_Haidar:
To zai yi 'ya'ya kuwa? Don Haidar ya riga ya yi wa babansa alƙawarin alala.

Ɗan_Kura_Manomi:
A roba rabin gora, a bayan gilashi, kada in yi miki ƙarya, da wuya. Wake ɗan rana ne. In kina son ya ga kwanso sai ki samu tsohon bokitin fenti ko buhun siminti ki cika da ƙasa a baranda, ki nemi iri ɗan wuri mai tsayuwa, irin waɗanda cibiyoyin binciken noma na IITA da na Samaru suka fitar, akwai masu nuna cikin kwana sittin zuwa saba'in. Irin su kanannado yaɗo suke yi, sai su cinye miki barandar. Ko da ya yi, abin da za ku samu bai fi cikin tafin hannu ba. A gaya wa Alhaji ya ci gaba da cefane.

Ummu_Sadiq:
Maganar na Nana da ya karye, ni dabarata ita ce ina da na ajiya a bayan firij. In na yaro ya mutu, cikin dare sai in musanya. Ba na iya jure kukan nan.

Malama_Rabi_Kaduna:
Haba Ummu Sadiq, a nan kam mun raba hanya. In kin musanya, yaron da ya tsula wa shukarsa ruwa kofi guda zai tashi ya ga ta ƙara kyau, me ya koya ke nan? A ajina in ta mutu mukan tone ta tare, mu shinshina, mu ga saiwar ta yi baƙi, in tambaye shi me yake gani ya faru. Kuka na minti biyar ne, sai ya ce a ba shi wani irin. Haidar ma ai ruɓewar farko ce ta sa yanzu yake taɓa ƙasa kafin ya zuba ruwa, ko ba haka ba Maman Haidar?

Ummu_Sadiq:
Malama ke da ƙarfe ɗaya kike sallamar su su tafi gida. Ni nake kwana da shi. Ɗan shekara uku ba ya neman darasi, shukarsa yake nema.

Goggo_Asabe:
Ku duka kuna da gaskiya, amma ni ba na son a saba yi wa yaro wayo. Suna ganewa fa. Jikana na taɓa canza masa ɗan tsako da ya mutu, yana zuwa ya ce wannan ba nasa ba ne, nasa yana da baƙi a fiffike.

Abu_Fatima:
A gona dai babu mai musanya maka cikin dare.

Bamaraɗiya:
Abu Fatima ya dawo da gonarsa 😂

Maman_Haidar:
Ban musanya ba, ban kuma yi darasi ba, don kafin in yanke shawara Nana ta tumɓuke sauran nata biyun wai tana duba ko gemunsu ya ƙara tsawo. Yanzu ta koma kan albasa, ita ko an ciro ta an mayar ba ta fushi. Na Haidar suna tagar gabas, sabon ganyen da ya fito mai rassa uku ne kuma kore shar. Mun juya robar jiya, yau da safe sun sake juyowa. Malam Ɗan Kura, bokitin fentin nan huji nawa zan yi masa? Kuma wanda ya san inda ake samun lafsur wajen Kasuwar Rimi ko Kurmi ya taimaka mini da kwatance.

Zee_Gwammaja:
Kurmi, layin masu kayan yaji. Ki ce lafsur ko ki ce algarif, za su gane. Amma ki shinshina, wani ya shekara a buhu.

Baban_Ikram:
Ikram ta ga hotunan nan a wayata, yanzu an sa ni yanka gora. Malama Rabi, tishun nan fari dole ne, ko tsohuwar jarida za ta yi?